Reshen da Ya Ce Shi Murjani Ne

Murjani ba ɗan ƙasar Hausa ba ne, amma ya daɗe a adakar iyayenmu mata har ya zama ɗan gida. Daga ƙarƙashin Bahar Rum ake ciro shi, inda yake tsira a jikin duwatsu, a inuwar kogo da wurare masu zurfi. Duk da rassansa ba itace ba ne, wasu ƙananan dabbobi ne ke gina shi. Alƙur'ani ya ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. Al-Idrisi, wanda ya gama littafinsa na labarin ƙasa a 1154, ya ba da labarin kasuwar Sabta da ke gaɓar Maroko, inda ake yanka murjani, a goge, a huda, a zura a zare, ya kuma ce akasarinsa Gana ta wancan zamani da sauran garuruwan baƙar fata ake kai wa. Da Baturen nan Clapperton ya shiga kasuwar Kano a 1824, ya tarar da shi a rumfunan masu duwatsun wuya. A lokacin ayarin Tarabulus ke saukowa da irin wannan kaya ta Gat da Abzin da Damargu, wasu fataken su ratso ta Tasawa su faɗa Katsina.

Abin da ya ba shi daraja shi ne jansa ba ya koɗewa, don a cikin ƙashinsa yake. A kankare shi, a huda shi, a raba shi biyu, ja za a tarar har tsakiya. Ga shi kuma da jinkirin girma: kaurin reshensa ba ya ƙaruwa da milimita 1 a shekara, saboda haka ƙwaya ɗaya mai ɗan kauri ta girmi amaryar da ta rataya ta.

A jikin duwatsun nan dai, sau da yawa dab da murjanin, akwai wata halitta da takan ruɗi wanda bai saba ba. Ita ma ja ce, jan da ya ɗan yi ruwan lemo, ita ma rassa gare ta, sai dai kawunan rassan a datse suke, tsayinta kuma bai cika wuce santimita 10 ba. Masu nutso suna ce mata murjanin ƙarya, masana kuma Myriapora truncata. Ba ta haɗa dangi na kusa da murjani ba. 'Yar wani babban gida ce da ake kira biriyozowa, mai iri kusan 6,000 da ke raye a yau, wanda ake tono burbushin kakanninsa a duwatsun da suka haura shekara miliyan 450.

Wanda ya sa mata gilashin ƙara girma zai ga ashe ba halitta ɗaya ba ce, gari ne guda. Jikin reshen duk ƙofofi ne a jere, ƙanana ƙwarai, ƙwayar gero ɗaya za ta rufe da dama daga cikinsu. Kowace ƙofa ta ɗaki ce, kowane ɗaki da mai shi: 'yar dabba mai baki da hanji, wadda ta gina bangonta da allin da ta tace daga ruwan teku. In wuri ya natsu sai ta ɗaga murfi, ta turo ɗan tuntu waje ta baza shi, 'yan gasun da ke jikinsa su yi ta kaɗa ruwa suna koro ƙwayoyin abinci zuwa baki. Da wani abu ya taɓa ta sai ta zuƙe ciki ta ja murfinta. Garin nan duka daga 'yar tsutsa ɗaya ya fito, wadda ta yi iyo har ta sami dutse ta manne, ta toho ɗaki a gefenta, shi ma ya toho wani, har aka zama dubbai.

Bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki ba a rufe yake ruf ba. Akwai 'yan kafofi, kuma ta cikinsu wasu zaruruwan tsoka suka ratsa suka haɗe garin, abin da wannan ya ci yana kaiwa ga wancan. Sababbin ɗakunan da ke kan reshe, inda ake girma, ba su da bakin ci tukuna, na bayansu ke ciyar da su har ƙofarsu ta buɗe. Tsofaffin da ke gindi kuwa, a irin masu rassa, alli yakan yi ta kauri a kansu har ya toshe ƙofofinsu, su daina ci, aikinsu ya koma riƙe gari a jikin dutse. A wasu gidajen dangin har da masu gadi, masu siffar kan tsuntsu da baki mai datsewa, waɗanda Darwin ya tsaya yana kallo a tsibiran Falkland a 1834. Akwai kuma masu shara, masu dogon gashi ɗaya da suke kaɗe laka da shi. Su ma ba sa ci da kansu, gari ke ciyar da su.

Janta a fatar da ke raye yake, a kan farin alli. Muddin tana cikin ruwa, a jikin garinta, ja ce mai kyau. A ciro ta a shanya, sai jan ya tafi ya bar farin ƙashi mai huda-huda da ba ya gogewa, ba ya zuruwa a zare. Ni ban ga aibin wannan halitta ba. Tsarin zamanta ya fi burge ni a kan na murjanin kansa, kuma ba ita ta ce a kira ta murjani ba.

Daga Madarunfa zuwa teku mafi kusa ya fi kilomita 800, amma an taɓa ba da labarin wannan halitta a bakin tafkin garin, a gaban jama'a, kuma babu wanda ya tashi yana cewa bai gane ba.

Tafkin yana kudu da Maraɗi da kilomita 20 da 'yan kai, yakan kai hekta 800 in ya cika. Gulbin Gabi ke zuba masa ruwa, Gulbin Maraɗi ya ƙara masa in ya yi ambaliya. Kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta sun kewaye shi. Tun 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su, a 2019 kuma ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Suna kam ya yi suna, amma masunci ba ya jefa birgi a cikin suna. Tun da aka datse ruwa a Jibiya, a farkon shekarun 1990, Gulbin Maraɗi bai ƙara zuwa yadda ya saba ba. Itatuwan da ke riƙe ƙasa a tudu sun ragu, kowace damina kwazazzabai na kwaso yashi suna juyewa a tafki. Tarwaɗa da karfasa sun ƙanƙance, masu raga mai ƙananan ido na kwashe 'ya'yan kifi tun ba su yi ƙwai ba.

A wani ƙauye na gefen tafkin akwai tsoho masunci da ya san teku. Farin 1984, wanda mutanen Maraɗi ke kira El Buhari, shi ya kore shi arewa: Agadas, Arlit, Tamanrasset, yana aikin ƙarfi yana ƙara gaba, har ya dangana da El Kala, garin masu murjani a gaɓar Aljeriya kusa da iyakar Tunisiya. Can ya sami aikin tsince kaya in jirgi ya dawo. Wani ɗalibi daga jami'ar Annaba yakan zo ya roƙi abin da masu tsincewa suka zubar, ya sa a kwalbar ruwan teku. Wata rana ya miƙa wa baƙon gilashinsa ya ce ya leƙa. Ya leƙa, ya ga murafu na ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, tuntaye na fitowa suna rawa, ya ja da baya yana salati. Ɗalibin ya zaunar da shi ya yi masa bayanin garin, tun daga gindi har kan reshe, kuma bai manta ko ɗaya ba har ya dawo gida.

Tsohon yana da ɗan ƙane, maraya, yaro mai kai. Da ya ci jarrabawar lakwal ta ƙauye aka ce sai Maraɗi, daga nan kuma sai jami'a a Yamai, gari ya taru ya ce wannan namu ne duka. Masunta suka ware masa kamun ranar Alhamis. Mata masu suyar kifi suka riƙa ƙulla dala-dala a bakin zane suna kai wa uwarsa. Shekarar da kuɗin rajista da na ɗaki suka haɗu suka fi ƙarfin kowa, gwaggonsa ta buɗe adaka ta fito da murjanin da ta gada wurin uwarta, zare biyu, ta ba dillaliya ta kai kasuwar Maraɗi. Ba ta gaya wa kowa ba. A wuyanta aka gane, ranar wani biki.

Yaro ya yi karatu, ya sami aiki, ya je Makka, ya zama Alhaji. Da sunan tafki ya fara tashi, baƙi masu son taimako suka fara zuwa, sai ya zamana shi ne bakin masunta a Maraɗi da Yamai, tunda shi ke jin Faransanci. Ya kafa ƙungiya, ya ce kowane mai kwalekwale ya kawo jika biyu, za a sayo 'ya'yan kifi a zuba, a dasa itatuwa a bakin kwazazzabai. Aka bayar, wasu ma sai da suka ci bashi. Aka yi damina biyu, ba kifi ba itace. Abin da aka gani shi ne waya da aka kewaye wani fili da ita a bakin ruwa, ta haɗa har da hanyar da mata da shanu ke bi zuwa mashaya, aka shuka zogale da mangwaro a ciki. Matar wani masunci ta kai ɗanta asibiti a Maraɗi, dare ya yi mata, ta nufi gidan Alhaji neman wurin kwana. Maigadi ya leƙo ta 'yar tagar ƙofar ƙarfe ya ce Alhaji yana hutawa. Ta koma ta kwana a baranda da yaron a cinya.

Ba kuɗin ne suka fi ci mini rai a labarin nan ba. Mijin matar nan yana da ɗiya da ta ci jarrabawar shiga kwaleji, malamanta na cewa ta fi Alhaji kai a shekarunta. Uban ya ce ba inda za ta, ya ga abin da boko ke mayar da ɗan mutane. Wasu iyayen suka bi bayansa. Mutum ɗaya ya rufe ƙofar gidansa, ta rufe a kan yaran da bai ma san sunayensu ba. Kuma babu mai iya tarar sa da maganar, don wanda ya yi alheri yana jin kunyar gori, tsohon da ya isa ya yi magana kuwa uba ne, uba ba ya tozarta ɗansa a bainar jama'a.

Ranar da tsohon ya ba da labarin bayan girbi ne, iska ta fara sanyi. Alhaji ya zo da baƙi biyu, mace da namiji, a babbar mota. Aka jera musu fararen kujeru a inuwar kuka, dattawa na kan tabarmi. Ya yi dogon jawabi da Faransanci yana nuna tafki da hannu, ya juyo ya taƙaita wa mutane da Hausa cikin 'yan kalmomi, sannan ya fito da takarda da tawadar dangwale. Kowane mai kwalekwale ya sa yatsa, shaidar an yi aikin farko, don a saki kuɗin na biyu. Wuri ya yi tsit. Kowa ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke.

Tsohon ya gyara zama. "Alhaji, ɗana, kafin a sa hannu. Baƙin nan saboda ruwa suka zo, ni kuwa na ga ruwan da ya fi wannan. Bari in ba su guzurin labari, kai kuma ka juya musu."

"To, Baba, amma a taƙaita, suna da nisa."

"Ba tatsuniya ba ce, ba a tatsuniya da rana. Rabi idona ya gani, rabi hankalina ya cika.

"Akwai wani gari a ƙarƙashin teku, a bakin kogo, jikin dutse. Mutanensa ƙanana ne, kowa da ɗakinsa, bango ɗaya ya raba shi da maƙwabci, kuma a kowane bango akwai kafa. Al'adarsu, in ka kama abinci ka ci, ka miƙa saura ta kafa. Ɗiyansu a kan reshe ake haifarsu, ba baki, sai na baya su yi ta turo musu har bakinsu ya buɗe. Tsofaffinsu na gindi, ƙofarsu ta toshe, ba sa gani, ba sa ci, su dai sun dafe dutse don kada igiyar ruwa ta tafi da gari.

"Inda suke abinci ya yi ƙaranci, don leɓen dutse ya kare su. Sama kaɗan kuwa ruwa na gudu, abinci na wucewa dare da rana, suna ji ba su isa ba. Sai suka yi shawara: mu zaɓi reshe ɗaya mu tara masa, ya yi tsawo ya kai can, in ya kai ya riƙa turo mana. Haka aka yi. Kowa ya rage cikinsa. Wasu ɗakunan ma yunwa ta kashe su, ba su ga ranar ba. Reshe ya yi ta hawa har ya wuce leɓen dutse, ya sa kai cikin ruwa mai gudu, bakunansa suka buɗe, ya ci ya ƙoshi, ya yi jan da ba a taɓa gani ba a garin."

Alhaji na juyawa, baƙi na murmushi, macen har tana rubutu.

"Da ya ɗaga kai sai ya hangi murjani a dutsen da ke kallonsu. Ƙananan kifaye masu yawon gulma suka ba shi labari: wancan da kake gani, mutane na zuwa daga sama su ɗauke shi, a goge shi, ya ƙetare hamada a bayan raƙumi, ya kwana a wuyan matan sarakuna. Suka ce, ranka ya daɗe, ai kai ka fi shi ja. Reshe ya dubi kansa, ya ga gaskiya ne, ya fi shi ja. Ya sunkuya ya dubi gindi, ya ga laka ta hau su, sun yi toka-toka. Ya ce, ni da waɗannan me ya haɗa mu? Ni murjani ne, tsautsayi ya sa na tsira a nan. Ya sa aka kwaɓa alli aka yaɓe kafofin da ke tsakaninsa da na ƙasa, ɗaya bayan ɗaya.

"Na ƙasa suka jira, shiru. Suka aika a gaya masa laka na rufe su, ƙarfin kaɗe ta ya ƙare. Manzo ya ƙwanƙwasa bango, aka ce masa reshe yana hutawa."

Nan Alhaji ya tsaya. Ya ɗauki gorar ruwa ya kai baki, ya daɗe bai sauke ba. Baƙin suka dube shi suna jiran saura. Mushen lakwal, da ke tsaye bayan dattawa, ya matso ya ce, "Alhaji, ka huta, bari in karɓe ka." Ya ci gaba da juyawa, bai rage ko kalma ba.

"Abin da reshe bai lura ba, ɗakunan da ke wuyansa, inda ya haɗu da gari, su yaɓen ya fara kashewa. Tsutsa mai huda alli ta sami wuri ta shiga. Sama na ƙara nauyi, wuya na ƙara ruɓewa. Shi kuwa kullum ƙara miƙa kai yake, don masu zuwa daga sama su gan shi.

"Suka kuwa zo. Gicciyen ƙarfe ne mai nauyi, an ɗaura masa tsummokaran raga, jirgi na ja yana karo da duwatsu, abin da ya karye raga ta kwashe. Garin da ke ƙarƙashin leɓen dutse, ƙarfe ya wuce ta kansa. Reshe kuwa taɓawa ɗaya ya ɓalle. Yana hawa sama cikin raga yana murna, ga murjani a damansa, ga murjani a hagunsa, yana cewa yau na dawo cikin dangina.

"Daga nan ba labari aka ba ni ba, ni ne mai tsincewa. Aka juye kaya a kan katako. Yana jiƙe, rana na haska shi, wallahi ya fi kowa kyau, ni da nake sabon zuwa cikin murjani na ajiye shi. Ruwan jikinsa ya tsane. Aka kwana, aka tashi, jan ya fara tafiya, ya koma ruwan ƙasa, ya koma fari-fari. Maigidan jirgi ya zo da 'yar wuƙarsa. Ya kankari murjani, ja. Ya kankari wannan, fari, duk huda, ya murtsuke shi a kan katako. Bai yi faɗa ba. Ya ce mini, ɗan Nijar, buɗe idonka, wannan jansa ba nasa ba ne, na ruwan da yake ciki ne da 'yan'uwan da yake jikinsu. Aka sa tsintsiya aka share shi. Ko teku ba a mayar da shi ba, juji aka kai shi."

Tsohon ya yi shiru, ya ɓare goro. Can daga ƙarshen tabarma mijin matar nan da ta kwana a baranda ya yi gyaran murya.

"Baba, garin fa?"

"Garin na nan, da miki a inda reshe ya ɓalle. Waɗanda suka saura suka lallaɓa, suka toho sababbin ɗakuna a bakin mikin."

"Suka sake tara wa wani reshe? Bayan abin da suka gani?"

"Suka sake. Abinci na sama, su suna ƙasa, in ba su tura wani ba laka za ta binne su duka. Wanda ya ƙi ciyar da na kan reshe don haushin wancan, kansa ya yi wa. Sai dai wannan karon ba reshe ɗaya suka tara wa ba, kuma kowace safiya akwai mai zuwa ya duba kafa."

Mutumin bai ƙara magana ba. Kowa a wurin ya san ɗiyarsa na gida tana daka, 'yan ajinta kuwa sun yi wata biyu a kwaleji.

Yaɓe kafa ƙarin tsohon ne. A teku babu reshen da ke yin haka, kuma duk wanda ke inuwar kukar nan ya san inda ya samo shi. Sauran kuwa haka yake. Gicciyen nan ya yi wa duwatsun Bahar Rum ɓarnar da ta sa Tarayyar Turai ta haramta shi a 1994, Aljeriya kuma ta dakatar da kamun murjani gaba ɗaya a 2001. Farfaɗowar ma gaskiya ce. A Lyme Bay, kudancin Ingila, an hana jan ƙarfe a ƙasan teku a fili mai murabba'in kilomita 206 a 2008. Wata 'yar'uwar wannan halitta, Pentapora, mai faffaɗan ganyen alli da ke saurin karyewa, wadda ba ta ƙaruwa da fiye da kimanin santimita 2 a shekara, ta soma dawowa cikin 'yan shekaru. Ba wanda ya shuka ta, ƙarfe kawai aka ɗauke mata.

Baƙuwar ta rufe littafinta. Ta ce wa mushe tana so kafin su tafi a nuna mata inda aka dasa itatuwan. Mushe ya juya maganar da Hausa, da ƙarfi yadda kowa zai ji. Alhaji ya buɗe baki, bai sami abin faɗa ba. Da a ce gari na son kunyata shi, ranar nan sun samu, kuma akwai matasa a baya da har sun fara miƙewa. Tsohon ya ɗaga musu hannu suka zauna.

"Mushe, gaya mata yau rana ta yi. Ta dawo in damina ta faɗi, ɗanmu zai zagaya da ita da ƙafarsa ya nuna mata. Takarda kuma a ajiye, yatsunmu na nan, ba inda za su."

Baƙin suka yi sallama suka nufi mota. Alhaji ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya rufe tawada. Bai bi su nan da nan ba. Ya zo gaban tabarma ya cire takalmi ya durƙusa, babbar rigarsa na sharar ƙasa, abin da aka yi shekaru ba a ga ya yi ba.

"Baba, littafin kuɗin yana Maraɗi."

"Ka kawo shi ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. Mushe zai karanta, masunta uku za su ƙirga. Ka zo da shi da kanka, kada ka aiko direba."

"To, Baba."

"Ka biya ka gaida gwaggonka kafin ka tafi, tun safe ta ɗora maka tukunya. Ranar Juma'a kuma ka biyo ta hanyar mashaya. In ka tarar da waya ta tare ka, ka san mai ita."